Caban Bamboo: Gidan Da Makaɗi Ya Gina Da Guminsa

Duk wanda ya daɗe a Ikko, ko fataucin goro ya kawo shi ko gadi ko tuƙi, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Hotal Bobby da a da yake kan titin Ikorodu ba. Tun kafin ya zama hotal sunansa Caban Bamboo, kuma a zamaninsa yana cikin gidajen dare da suka fi tashe a birnin. Da maraice gidan cin abinci ne, in almuru ta yi ya koma mashaya, in dare ya raba kuwa sai a share fili, kiɗa da rawa har kusan asuba.

Mai gidan shi ne Bobby Benson, mutumin garin Ikorodu, wanda aka haifa a 1922. Wansa T.O.S. Benson shi ne ya riƙe ministan watsa labarai a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi Bobby bai bi wannan hanya ba. Ya koyi ɗinki, ya taɓa dambe, ya yi aikin jirgin ruwa har ya sauka Ingila, kana ya dawo gida a 1947 tare da matarsa Cassandra, suka kafa ƙungiyar wasa. Waƙarsa "Taxi Driver" har gobe tsofaffin direbobi ba su manta da ita ba.

To, abin lura a nan shi ne matsayin makaɗi a wancan lokaci. Kamar yadda a gida ake yi wa maroƙi kallon maci-amanar zuciya, mai jiran abin hannun wani, haka a Kudu ma iyaye ba su son ɗansu ya ɗauki ƙaho ko ganga. Makaɗi ɗan haya ne kawai. Mai hotal ya kira shi, ya kwashe kuɗin ƙofa da na giya da na abinci, ya miƙa masa abin da ya ga dama. Bobby ya ƙi yarda da wannan rabo. Ya mallaki dandalin, ya mallaki kicin, ya mallaki ƙofa, ya zama shi ne mai biyan wasu. Ba ƙaramin abu ba ne a garin da manyan wuraren shaƙatawa suka daɗe a hannun Turawa da Kwarori.

Ƙungiyarsa kuwa makaranta ce sosai. Victor Olaiya a wurinsa ya yi busa kafin ya ɓalle a 1954 ya kafa Cool Cats. Haka Eddy Okonta da Zeal Onyia da Roy Chicago duk sun bi ta hannunsa. Olaiya ma darasin maigidan nasa ya ɗauka, don daga baya ya gina Stadium Hotel a Surulere.

Mutanenmu da yawa ba su taɓa taka cikin irin waɗannan gidaje ba, saboda giya, amma sun ci abinci a bakin ƙofarsu. Mai tsire da mai shayi da mai gadi duk cinikinsu na dare ne, in gidan rawa ya cika su ma sun samu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya kasuwar kiɗan hailaif a Ikko, domin makaɗa da dama 'yan Gabas ne, suka koma gida. Kiɗan juju na su Ebenezer Obey da Sunny Ade ya hau kan gaba. Bobby ya ci gaba da riƙe gidansa har Allah ya yi masa rasuwa a watan Mayu na 1983.