In Za Ki Bar Aiki, Ki Fita Da Sallama

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan barin aiki ne. A Karaye da Rogo akwai mata masu koyarwa, akwai masu aikin asibiti, akwai masu jiran kanti da shagon ɗinki. Ana nan sai aure ya zo, ko a mai da maigida Kano, ko yarinya ta sami hanyar ƙaro ilmi. Barin aiki ba laifi ba ne. Abin kunya shi ne mace ta ɗauke ƙafa shiru, a wayi gari aji ba malama, a yi ta aike gidansu.

Ki tuna ƙasarmu ba ta da faɗin da za a ɓace a cikinta. Masarautar Karaye da aka sake kafawa a 2024 ƙananan hukumomi biyu ta ƙunsa, watau Karaye da Rogo. Shugabar da kika ɓata wa rai a nan, watakila surukar wadda za ki nemi aiki wurinta ce a can.

To, ga yadda ake yi. Da fari ki sami shugabarki ke da ita, ki faɗa mata da bakinki, kada ta tsinci labarin a gidan biki. Kāna ki rubuta takarda gajeriya: ranar da za ki tashi, da godiya. Kada ki zuba ƙorafi a ciki, gama takarda ba ta mantuwa.

Na biyu, ki ba da notis. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 11, ta yanka wa masu aikin hannu da akawuna lokaci. Wadda ba ta wuce wata 3 ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 ko fiye, wata guda. Notis na mako ɗaya ko fiye lalle a rubuce za a ba da shi. Malama da ma'aikaciyar jinya kuwa su duba takardarsu ta ɗaukar aiki, su bi abin da ta ce.

Na uku, ki sauke amana. Mabuɗi, da rajista, da kuɗin adashi in suna hannunki, ki danƙa su gaban shaida. Ki nuna wa mai gadonki inda kika tsaya. Kada ki yi sanyin jiki a kwanakin ƙarshe, don su ake tunawa.

Daga bisani ki roƙi takardar shaidar aiki, ki bi abokan aiki ɗaya ɗaya ki nemi gafara, har mai shara da mai gadi.

Ku 'yan makaranta, ku riƙe wannan tun yanzu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wadda ta shiga da sallama ta fita da sallama, ko yaushe ta komo za a yi mata shimfiɗa. Allah ya sa mu rabu da kowa lafiya, amin.