Karce a Fuskar Tocila: Me Yake Yi wa Haske?

Sau da yawa mai tocila yakan ga haskenta ya dushe, sai ya ɗora laifin a kan batir. Ya sayo sabo ya saka, amma abin da yake hangowa da dare bai ƙaru ba. Da zai juyo da fuskar tocilar ya dube ta a rana, da ya ga gilashin ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka. Ga manomin da ke bin hanyar gona da asuba a ƙasar Kaltungo, inda kububuwa take da yawa, ko maigadi, ko ungozoma a daren da babu lantarki, wannan dushewar ba abin wasa ba ce.

Tocila irin wadda aka saba gani tana da sassa uku masu sarrafa haske. Akwai ƙwai, akwai madubi mai siffar ƙoƙo da ke kewaye da shi, sa'an nan akwai gilashin gaba. Aikin madubin shi ne ya tattara hasken da ƙwan ke watsawa ta ko'ina ya miƙe shi gaba ɗaya. Gilashin kuwa, a yawancin tociloli, murfi ne kawai mai tsare ƙura da ruwa. Duk da haka haske ba ya ratsa shi kyauta. Kowace fuska ta gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, wato kusan kashi 8 ke nan a fuskokin biyu, ko da gilashin sabo ne ful. Shi ya sa ake yi wa tociloli masu tsada wani siririn shafe mai rage wannan asara, dabarar da Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Carl Zeiss na Jamus a 1935. Shafen ne ke sa gilashi ya riƙa ƙyallin shuɗi ko shunayya idan an karkata shi.

Karce kuwa ɗan kwari ne da aka haƙa a fuskar gilashi, mai gangara ta gefe biyu. Haske yakan karkata duk lokacin da ya fita daga gilashi ya shiga iska, kuma girman karkatar ya dogara ga kusurwar da ya tarar da fuskar. Ibn Sahl ya bayyana wannan ƙa'ida a Bagadaza wajen shekarar 984. A fuska mai santsi, hasken da ya zo a miƙe yakan wuce a miƙe. Wanda ya faɗa gangaren karce kuwa sai ya fanɗare, ya watsu ta gefe da gefen karcen. Direban da ya yi tafiyar dare a mota mai tsohon gilashi ya san wannan, domin yakan ga fitilun motar da ke tahowa sun yi jela.

Abin mamaki shi ne, karce ɗaya, ko da mai zurfi ne, da wuya a ga alamarsa a cikin hasken da aka dalla nesa. Ɗalibai za su iya gwadawa a ɗaki mai duhu. A ɗaura zare a kan fuskar tocila, a haska farar takarda daga nisan ɗan yatsa: inuwar zaren za ta fito sarai. A riƙa ja da baya, za a ga inuwar da ke tsakiyar hasken tana dusashewa har ta ɓace. Dalili kuwa, ƙwan fitila ba ɗigo ba ne, yana da faɗi, saboda haka hasken da ke isa kowane wuri a bango ya biyo ta sassa da yawa na gilashin. Abin da zaren ya tare ta nan, sai ya iso ta can. Wanda ya jefar da tocila don karce ɗaya ya yi asarar kuɗinsa a banza.

Ɓarnar gaske tana zuwa ne daga dubban ƙananan karce waɗanda ido ba ya rabe su. Kowannensu yana satar ɗan haske daga tsakiya ya watsa shi gefe. Jimillar hasken da ke fita ba ta raguwa sosai, amma tsakiyar da ke kai wa nesa takan raunana, kuma hasken da ya watsu kusa yana kashe idon mai riƙe da tocilar, ya hana shi ganin abin da ke can gaba. Lissafin yana da sauƙi, tun da haske yana raguwa ne daidai da nisa sau nisa. Idan ƙarfin tsakiyar ya ragu da rabi, tocilar da ke kai mita 100 za ta tsaya a wajen mita 71. Idan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, mita 50 kawai za ta kai.

To, mene ne ke karce gilashi? A 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu, kowanne yana iya karce na ƙasa da shi. Daimon ne a 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, kwaz kuwa, wato farin dutsen nan mai ƙyalli wanda yawancin yashi gutsattsarinsa ne, yana 7. Ke nan yashi ya fi gilashi tauri. Tufa ba ta karce gilashi, amma ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa tana ɗauke da ƙwayoyin kwaz, kuma wanda ya goge ta a bushe da bakin riga tamkar ya sa sanfefa ne. Tociloli masu araha ma mafi yawansu fuskar roba gare su. Roba ba ta fashewa da wuri idan ta faɗi, amma taurinta bai wuce wajen 3 ba, har makulli da kwabban aljihu suna cin ta.

Hanyar tsabtacewa ita ce a fara hure ƙurar, a ɗiga ruwa mai tsabta ya kwashe sauran, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle mai tsabta ba tare da dannawa ba. Kada a kusanci fuskar roba da fetur ko tina ko ruwan goge jan farce, domin suna sa ta yin hazo ko ta tsattsage. Madubin ciki kuwa ba a taɓa shi sam: ƙyallinsa ɗan siririn rufin alminiyam ne wanda shafa ɗaya ke iya lalatawa, kuma ba ya gyaruwa. Kifa tocila a kan ƙasa ko jefa ta cikin akwatin kayan aiki tare da kusoshi su ma suna rage mata kwana. Tsohuwar safa ta isa ta zama jakarta. Wasu kan yanka ledar kare fuskar wayar hannu su manna, abin yana aiki ga tocilar LED mai matsakaicin ƙarfi, amma wadda kanta ke yin zafi sosai za ta ɓata mannin.

Idan ɓarna ta riga ta faru, man goge baki yana iya rage hazon fuskar roba, saboda yana da lallausan gari mai gogewa, sai dai zai kankare duk wani shafe da ke kanta. Ga gilashi ba ya wani tasiri. Masu sana'ar gilashi da garin seriyam oksaid suke aikin. Karce mai zurfi a gilashi kuma yana da wani haɗari dabam da na haske. Mai yankan gilashin taga layi ɗaya yake ja, ya danna, gilashin ya rabu a kan layin. Haka fuskar tocila mai irin wannan karce take iya tsagewa da ƙaramar faɗuwa, ruwa ya samu hanyar shiga wurin batir. Irin wannan, mai gyaran agogo ko mai yankan gilashi zai iya yanko wani daidai da faɗinsa ya maye gurbin.