Sunayen al'adun shekara da duwatsun magani a ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

A rubuce-rubucen Faransanci, kalmar « magie » guda ɗaya takan haɗe abubuwan da Bahaushe ya rarrabe: tsafi, surkulle, addu'a, laya da rubutu. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa rarrabewar tana bin lissafin shekara iri biyu da ake aiki da su a Mirriya da sauran ƙasar Damagaram, kuma asalin kalmomin yana ba da shaidar haka.

2. Shekarar noma

Shekarar manomi tana tafiya da rana: bazara, damana, kaka, ɗari. Galibin kalmomin al'adunta Hausa ce zalla. Buɗin daji, wanda Guy Nicolas ya bayyana a 1975 wajen Annan kwarin Maraɗi, ana yin shi ne cikin rani don a buɗe farauta, a kuma duba yadda damana mai zuwa za ta kasance. Wasan kara na Zinder yana zuwa bayan girbi, lokacin da karan gero ya wadata. Maganar da ake furtawa wajen tsafi kuwa ita ce surkulle, wanda ƙarfinsa yake cikin lafazi, ko da mai ji bai gane ma'ana ba.

3. Shekarar wata

Shekarar malami kwana 354 ce, saboda haka al'adunta suna zagaya yanayi, suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A nan aro ya fi yawa. Addu'a da hatimi daga Larabci suke, haka ma laya, wadda ake danganta ta da al-aya. Amma Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Wannan bai zama abin mamaki ba a Damagaram, ƙasar da ta daɗe tana bin Borno. Misali mafi kyau shi ne Larabgana, wato Larabar ƙarshen watan Safar, ranar da ake shan rubutu don tsari: Laraba ta Larabci ce, gana kuwa ta Barbarci ce, ma'anarta ƙarami. Duk da haka Hausa ba ta rasa nata ba: Ashura, 10 ga Muharram, ta zama cika-ciki.

4. Duwatsu

Duwatsu ba su da wata, ba su da yanayi, shi ya sa sassan biyu suka haɗu a kansu. Gatarin aradu dutse ne gogagge da manoma kan tsinta a gona, a ce tsawa ta jefo shi. Masana tarihin ƙasa sun tabbatar gatarin mutanen zamanin dutse ne, kuma Faransawa ma sun taɓa kiransa « pierre de foudre ». Sunan kansa rabi Hausa ne, rabi Larabci, don aradu daga ar-ra'd ta fito. Tozali da kanwa kuwa sun shiga kwalliya da girki da jinya.

5. Kammalawa

Kalmar da ta game dukkansu ita ce magani: na ciwo, na tsari, na farin jini. Muna ganin duk mai fassara ya kamata ya fara tambaya: wane magani, a hannun wa, a wace shekara, ta noma ko ta wata? In ba haka ba, zai sa malami da boka cikin layi ɗaya na ƙamus, alhali su masu harshen ba su taɓa yin haka ba.