Kafin ku yar da dikodar wata-wata, ku yi lissafi

Duk ɗan kasuwar da ke Madawa, Buza ko Keita ya san kuɗi ba kullum suke shigowa ba. Lokacin albasa aljihu ya cika, da bazara kuwa sai a hankali. Amma ita dikodar Canal+ ba ruwanta da kaka ko rani, wata na ƙarewa hoto zai ɗauke. A ce jika 5 kake biya duk wata, a shekara jika 60 ke nan, jarin wata mai ƙosai sukutum. Shi ya sa wasu ke cewa gara su koma ga eriya da wayar salula.

Mu dai ba mu ce kada a koma ba, amma a duba abubuwa uku.

Na farko, eriya. Sau ɗaya ake sayenta, kuma babu kuɗin wata ga tashar gwamnati, Tele Sahel. Sai dai Buza da Keita ƙasar duwatsun Adar ce, gidan da ke cikin kwari ba lalle ya kama abin da na kan tudu ke kamawa ba. Don haka ka leƙa gidan maƙwabci ka ga hotonsa kafin ka saya. Inda eriya ta gaza, faranti da ƙaramar dikoda marar kuɗin wata na kawo tashoshin kyauta. Ta wannan hanya Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shiga gidajen Hausawa da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in.

Na biyu, salula. Tun 2020 finafinai masu dogon zango kamar Izzar So da Labarina suka ja jama'a zuwa YouTube. Kallon kyauta ne, amma data ba kyauta ba ce, ko ta Airtel ce, ko Moov, ko Zamani. Idan Hajiya na kallo a rumfa, yara uku na nasu a gida, kuɗin data na iya zarce na dikodar da aka gudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Dabara ita ce a sauke fim sau ɗaya, ko a kai memori wurin masu turawa, kowa ya kalla.

Na uku, wuta. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar har zuwa Maris 2024. Wanda ya biya kuɗin wata a lokacin, kwanakinsa sun yi ta tafiya ko da talabijin na kashe. Ita kuwa waya, ƙaramin faifan sola ya ishe ta.

Abin da za a rasa shi ne ƙwallon Turai, domin wasannin Ingila da Sifen galibi sai a tashoshin biya. Ga masu gidan kallo, dikoda jari ce, ba ɓarna ba.

Shawararmu: ku rubuta abin da kuka kashe na wata guda a kallo, dikoda da data duka, sannan ku yanke hukunci. Allah ya ba da kasuwa.