Tsara Zango a Tafiyar Keke: Daga Yammacin Zamfara Zuwa Tsaunukan Jos

Mahayin keke a ƙasashen Gummi, Bukkuyum da Anka ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta kwarin Gulbin Zamfara, inda ake auna tafiya da nisa kawai. Wannan maƙala tana bayyana cewa duk wanda zai ƙetare tsaunukan Jos a kan keke, tilas ya gina shirinsa bisa tsayin hawa da wurin kwana, kamar yadda madugun fatake kan tsayar da zangonsa tun ayari bai tashi ba.

Hanyar takan tashi daga Gummi ta bi Anka, Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, sannan ta ratsa Pambeguwa, Saminaka da Jengre ta hau Jos, tafiyar kimanin kilomita 240 daga Zariya. Garin Jos yana bisa tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuwa ta haura mita 1,800. Mai son ƙetarewa zuwa kudu zai bi Bukur da Riyom, ya gangara Hawan Kibo, ya nufi Akwanga.

Wahalar hawa tana da lissafi. Idan nauyin mahayi da keke da kaya ya kai kilo 100, a hawan da ke ɗaga mita 6 cikin kowace mita 100, nauyin zai riƙa jan keken baya da ƙarfin kusan kilo 6, ba hutu. Saboda haka zangon ranar hawa ya kamata ya gaza na ranar sarari, kuma duk kilon da aka rage daga kaya sauƙi ne ga gwiwa. Keke mai giya ɗaya irin Raleigh ko Phoenix, wanda ke kai hatsi kasuwa a karkara, yakan tilasta wa mai shi sauka ya tura. Mai giya da yawa shi ya dace.

Gangara ta fi hawa haɗari. Hawan Kibo ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin manyan motoci. Riƙe birki ba saki yakan zafafa bakin ƙafar keke, ƙarfin kamun ya ragu. Dabarar ita ce a matsa a saki, a kuma tsaya lokaci lokaci ƙarfe ya huce. Robar birki, tub, kayan faci, famfo da 'yan sifanu su ne guzurin keken kansa.

Lokacin tafiya ma abin lura ne. Damina a Jos takan ɗauki watanni daga Afrilu zuwa Oktoba, Maris da Afrilu kuwa zafi a Zamfara kan kai digiri 40. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi dacewa, sai dai iska kan ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, don haka daren hunturu a Jos yana buƙatar bargo da rigar sanyi. Hazo kuma yakan hana direbobi hango mai keke, abin da ke wajabta fitila da tufa mai haske.

Mafi nauyin sharaɗi shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun daɗe suna addabar hanyoyin Gummi zuwa Anka da Gusau zuwa Funtuwa, kuma keke ba ya tsere wa babur. Ba a kuma dogara ga waya kaɗai, domin a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara. Hikima ita ce a ɗora keke a mota har Zariya, a yi tafiya cikin rukuni, a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar, kowace safiya kuma a tambayi direbobin tasha labarin hanya. Kowane zango ya kasance gari ne mai ruwa, da mai gyaran keke, da mai masauki da aka sanar tun da wuri. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya rasu a zangon gobe, a dakata a na yau har a samo madadinsa.