Zaɓen Makarantar Likitancin Dabbobi

Duk ɗalibin da ya ƙudura niyyar neman ilmin likitancin dabbobi a Nijeriya, wanda yakan ci shekara 6, wajibi ne ya lura cewa, ko da yake shahadar da jami'o'i ke bayarwa iri ɗaya ce, fannin da kowace ta fi naƙalta ya sha bamban, domin galibi dabbar da ta yawaita a ƙasar da makaranta take, ita malamanta suka fi sani.

Wanda himmarsa ke kan shanu da tumaki da awaki, a ganina Jami'ar Ahmadu Bello ta fi dacewa da shi, saboda kusa da Zariya, a Shika, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, inda abin da ya karanta a littafi zai gan shi zahiran a garke. Mai sha'awar raƙumi kuwa, ai sai Sakkwato ko Maiduguri, na kaji kuma ya dubi Ibadan, inda gonakinsu suka yawaita.

Amma kafin ka yanke shawara, ya kai ɗalibi, tabbata hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ta amince da makarantar, sa'an nan ka ziyarci asibitinta, ka ga irin dabbobin da ake kawowa jinya.