Ido, Hannu da Kunne: Kayan Aikin Farko na Malamin Asibiti a Ƙasar Kurfai

Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 180 ce. Mutumin Shikal, Bonkuku ko Damana kuwa, kafin ya kai asibitin gundumar Filinge ma ya sha hanya, wani lokaci a kan amalanke. Galibin marasa lafiya a wannan yanki na Dallol Boso ba su ganin na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Wanda suke gani shi ne malamin asibiti ko ungozomar ƙaramar likitar ƙauyensu. Don haka ran majinyaci yakan rataya ga abin da idon ma'aikacin ya gani, hannunsa ya taɓa, kunnensa ya ji.

A makarantun koyon aikin lafiya na Yamai da Damagaram ana koyar da matakai huɗu na duba majinyaci: kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa da saurare. Ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa wani likitan ƙasar Ostiriya, Auenbrugger, ya bayyana shi a 1761, kuma duk macen da ta taɓa buga tulu don ta san inda ruwa ya tsaya ta san hikimar: huhu mai iska amonsa daban, mai ruwa daban. Abin sauraron ƙirji kuma Laennec ya ƙirƙiro shi a Faris a 1816, da takarda naɗaɗɗiya ya fara.

Mu ɗauki safiyar damina. Uwa ta kwanto ɗanta mai wata tara daga goyo, ta ce: "Malam, jikinsa zafi, ga tari, ya ƙi nono." Gwanin ma'aikaci ba ya rarumar alƙalami. Yakan ce, "Inna, ɗage masa riga," ya jira yaron ya natsu a cinyarta, ya dubi agogo, ya ƙirga numfashi na minti ɗaya cif. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shimfiɗa, numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ne. Sai ya buɗe tafin hannun yaron: idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, abin da zazzaɓin cizon sauro ke yawan jawowa. Ya tsunkuli fatar ciki: idan ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, zawo ya ƙwaƙule ruwan jiki. Ya zagaya ma'aunin damtse: ƙasa da milimita 115, wato jan layi, tamowa ce mai tsanani. Ya danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3: idan gurbin ya zauna, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. A lokacin zafi da ƙura kuwa, lanƙwasa wuyan mai zazzaɓi wajibi ne, domin Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau.

Duka wannan bai kai minti goma ba, bai ci ko dala ba, amma shi ke rarrabe yaron da za a ba magani ya koma gida da wanda za a garzaya da shi Filinge tun rana ba ta faɗi ba. Haka abin yake a ɗakin awon ciki: jinin da ya kai 140 bisa 90, tare da ciwon kai da kumburin fuska, gargaɗin jijjiga ne.

To ina matsalar? Tun da aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, mata sun ƙara zuwa likita, abin farin ciki. Sai dai idan layi ya yi tsawo, ma'aikaci ɗaya tilo, sauƙin abu shi ne a soki yatsa, a gwada zazzaɓi, a rubuta takarda. Gwajin yana da amfani, amma ba ya ƙirga numfashi. Yaro na iya ɗauke da zazzaɓin sauro da ciwon huhu a lokaci guda. Rashin tsaro a jihar Tilaberi, inda Filinge take, ya ƙara wa tafiya wuya, don haka kuskuren duba na farko ya fi tsada a yau.

Akwai kuma kunya, wadda Bakurfe ya san darajarta. Labule, neman izini, wanke hannu, da bayani cikin Hausa, Zabarmanci ko Buzanci su ne ke sa mace ta yarda a duba ta.

Kira ga hukumomin lafiya: a riƙa sabunta horo a gaban majinyaci na gaske, a tanadi agogo, ma'aunin zafi, ma'aunin jini da na damtse a kowace likita. Ku kuma iyaye, idan aka miƙo takarda ba a taɓa yaro ba, ku ce cikin ladabi: "Malam, don Allah a duba shi." Haƙƙinku ne, kuma gani ya kori ji.